DOKAR HANA KIWON MESA A AMURKA: IHU BAYAN HARI

Ran 17 ga watan Janairu na shekarar 2012, Sakataren Harkokin Cikin Gida na Amurka na wancan lokaci, Mista Ken Salazar, wanda gandayen dajin gwamnati da namun dajin ƙasar ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, ya tara manema labarai a bakin fadamar Everglades da ke kudancin Jihar Fulorida, ya ba da sanarwar cewa an hana shigo da wasu manyan macizai iri huɗu cikin ƙasar, an kuma hana ƙetarewa da su daga wata jiha zuwa wata. Macizan su ne mesar ƙasar Bama, da anakonda mai ruwan ɗorawa ta Kudancin Amurka, da mesar Afirka iri biyu, ta arewa da ta kudu. Ta arewan nan ita ce dai mesar da mafarauta da masunta suka sani a bakin kogunan Nijeriya da maƙwabtanta.

A ranar da ake wannan sanarwa, mesar Bama ta riga ta yi fiye da shekara goma tana hayayyafa a cikin fadamar da aka tsaya a bakinta. Shekara 11 bayan haka, watau a 2023, hukumar binciken ƙasa ta gwamnatin Amurka ta tattara duk abin da masana suka gano game da wannan dabba, ta fito fili ta ce da irin dabarun da ke hannu, da wuya ƙwarai a iya kawar da ita daga kudancin Fulorida. Ƙasa mai yawan dokoki da ma'aikata da kuɗi irin Amurka, maciji ya gagare ta. Dalilin kuwa yana cikin ginin dokar kanta, domin ta yarje a shigo da kowace irin dabba har sai an tabbatar da ɓarnarta, alhali ɓarnar ba ta tabbata sai bayan dabbar ta kafa gindi.

Ga mutumin da ya tashi a ƙasar da ba a ganin maciji a hannun kowa sai gardi, zancen kafa doka don hana mutane kiwon mesa zai zo da ban mamaki. Amma a Amurka da ƙasashen Turai kiwon macizai don sha'awa babbar harka ce, mai kantuna da kasuwannin baje koli da mujallu da ƙungiyoyi. Akawu ko ɗalibin jami'a da ke haya a bene, wanda mai gida ya hana shi ajiye kare, yakan sayi maciji ya sa a akwatin gilashi, saboda ba ya haushi, ba ya bukatar a fita da shi yawo, kuma ɓera ɗaya ya ishe shi mako guda. Mesa ba ta da dafi. Nannaɗe abin da ta kama take yi, ta matse shi har ya mutu, sa'an nan ta haɗiye. Wannan ya sa 'yan kasuwa suka riƙa tallarta da sunan maciji mai sanyin hali.

Birnin Mayami yana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da ake shigo da dabbobi masu rai cikin Amurka. Ƙididdigar hukuma ta nuna cewa tsakanin 1996 da 2006 kaɗai an shigo da mesar Bama wajen 99,000, kuma akan sami 'yar ƙyanƙyasa a kasuwa a kan kuɗin da bai fi dala 20 ba. A lokacin tsawonta bai wuce ƙafa biyu ba, ga ta da zane mai kyau, yaro ma yana iya riƙe ta a hannu. Abin da mai kanti ba ya tsayawa ya nanata wa mai saye shi ne, in tana samun abinci, cikin shekara ɗaya ko biyu za ta kai ƙafa takwas, daga baya ta zarce ƙafa 15, ta bar cin ɓera ta koma zomo da kaza, ta kai nauyin da sai mutum biyu ko uku ke ɗaga ta, kuma ta yi shekara 20 ko fiye a duniya. Ran da ta fi ƙarfin akwati da aljihu, gidajen ajiye namun daji ba sa son karɓa, mai ita kuma ba ya iya kashe abin da ya rena da hannunsa. Sai ya sa ta a mota, ya nufi bakin fadama, ya sake ta, yana ganin ya yi mata alheri.

Akwai masu ɗora laifin a kan guguwar nan mai suna Andrew, wadda ta ragargaza kudancin Mayami cikin watan Agusta na 1992, ta rushe wani wurin kiwon macizai. Mai yiwuwa ta ƙara. Amma tun 1979, shekara 13 kafin guguwar, aka sami mesar Bama ta farko a Everglades. Ita wannan fadama wani irin kogi ne mai faɗin gaske, marar zurfi, wanda ruwansa ke malala a hankali cikin ciyawa daga tafkin Okeechobee zuwa teku. Gandun dajin gwamnati da ke cikinta, wanda aka buɗe a 1947, ya kai eka miliyan ɗaya da rabi. Zafi da laima da ruwa sun yi daidai da na mahaifar mesar a kudu maso gabashin Asiya, abinci ga shi nan birjik, kuma da zarar ta girma babu mai iya tunkararta sai kada.

A farkon 2012 wasu masana suka buga sakamakon wani bincike mai sauƙin fahimta. Sun riƙa bin hanyoyin gandun da mota cikin dare daga 2003 zuwa 2011, suna ƙirga dabbobin da fitila ta haska, suka kwatanta da irin wannan ƙirge da aka yi a 1996 da 1997. Rakun, wata dabbar dare mai girman kyanwa, wadda a da take damun masu yawon buɗe ido da satar abinci, ganinta ya ragu da kashi 99.3 daga cikin ɗari. Ofosum, mai kama da gafiya, ta ragu da kashi 98.9, kyanwar daji kuma da kashi 87.5. Zomo kuwa ko ɗaya ba su gani ba. Da wasu suka ce wataƙila cuta ce ko canjin ruwa ya jawo haka, sai aka kawo zomayen fadama aka ɗaura musu na'urar rediyo aka sake su a gandun. Rahoton da ya fito a 2015 ya nuna cewa kashi 77 daga cikin ɗari na waɗanda suka mutu, mesa ce ta haɗiye su. Tun a 2005 ma jaridun duniya suka buga hoton wata mesa mai ƙafa 13 da cikinta ya fashe bayan ta haɗiye kada mai ƙafa shida.

Hukumomin Fulorida sun farga da wuri gwargwado. Cikin watan Yuni na 2006 Hukumar Kula da Ruwa ta Kudancin Fulorida ta aika wa Hukumar Kifaye da Namun Daji ta Tarayya takardar koke, tana neman a sa mesar Bama cikin jerin dabbobi masu cutarwa. Wannan jeri yana ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta shekarar 1900 da ake kira Dokar Lacey, sunan ɗan majalisar da ya gabatar da ita, kuma wanda ya shigo da dabbar da ke cikinsa yana iya shan ɗaurin wata shida da tarar dala 5,000. Sai dai kafin a ƙara suna ɗaya tilas a bi matakai. Sai a watan Janairu na 2008 hukumar ta buga sanarwar neman bayani. A 2009 masanan gwamnati suka miƙa rahoto a kan manyan macizai iri tara, suka ce biyar haɗarinsu babba ne, huɗu matsakaici. A watan Maris na 2010 aka fitar da daftarin hana taran gaba ɗaya, aka buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a, takardu fiye da dubu hamsin suka kwararo. Daga nan daftarin ya tafi ofishin kasafin kuɗi na fadar Shugaban Ƙasa don a auna asarar da 'yan kasuwa za su yi. Da ya fito a 2012, tara ta koma huɗu. A watan Maris na 2015 aka ƙara wasu huɗu, ciki har da mesar Asiya mai zanen raga, wadda ta fi kowane maciji tsawo a duniya, da koriyar anakonda. Na taran, watau macijin nan na Kudancin Amurka da ake kira bowa, an janye sunansa ɗungum, kuma shi ne wanda cinikinsa ya fi na sauran kawo kuɗi.

Duk ma'aikacin gwamnati ya san yadda fayil ke tsufa tsakanin wannan tebur da wancan, kuma kowane mataki daga cikin waɗannan yana da hujjarsa a ƙasar da ɗan kasuwa ke iya kai gwamnati ƙara. Amma fayil ɗin gina ofis in ya yi shekara biyar da rabi a kwance, kuɗin siminti ne kawai zai tashi. Wannan fayil kuwa ya shafi dabbar da ke saka ƙwai talatin zuwa hamsin a zama ɗaya, wani lokaci ma har ɗari.

Abin da ya zaburar da 'yan siyasa ba ƙirgen zomaye ba ne. Ran 1 ga watan Yuli na 2009, a wani ƙauye na tsakiyar Fulorida, wata mesar Bama mai ƙafa takwas da rabi ta fito daga akwatin da aka ajiye ta a cikin gida, ta shiga gadon wata yarinya 'yar shekara biyu, ta shaƙe ta har lahira. A shari'a an bayyana cewa an daɗe ba a ba macijin abinci ba, kuma akwatin ba shi da murfin kirki. A 2011 kotu ta ɗaure uwar yarinyar da mutumin da suke zaune tare shekara 12 kowannensu. Cikin watan da abin ya faru, ɗan Majalisar Dattijai mai wakiltar Fulorida, Mista Bill Nelson, ya warware fatar wata ƙatuwar mesa a gaban wani kwamitin majalisa a birnin Washinton. Shekara na zagayowa, Majalisar Dokokin Fulorida ta hana kowa sayen mesar Bama da wasu 'yan'uwanta don kiwon sha'awa, ta bar wa waɗanda suka riga suka mallaka da lasin su riƙe nasu har su mutu.

Tun daga nan aka cakuɗa matsala biyu waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai haɗarin mesa ga mutanen gidan da ake kiwonta, akwai kuma haɗarinta ga daji. Na farkon yana da ban tsoro, amma ba ya yawan aukuwa. Karnuka na kashe mutane gommai a Amurka kowace shekara, mesar gida kuwa akan yi shekara ba a ji ta kashe kowa ba, kuma duk yawan mesar da ke yawo a fadamun Fulorida babu labarin da hukuma ta tabbatar na cewa ta daji ta kashe mutum. Daɗin daɗawa, a ranar da yarinyar nan ta rasu akwai doka a ƙasa. Tun 2008 jihar ta wajabta wa mai irin wannan maciji yankar lasin na dala 100 a shekara, da ajiye shi a keji mai makulli, da cusa masa wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata don a gane mai shi in ya ɓace. Mutanen gidan ba su yi ko ɗaya ba, kuma babu wani ma'aikaci da ya san akwai maciji a gidan.

Irin haka ta faru a ƙasar Kanada cikin watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na lardin New Brunswick. Wasu yara biyu, wa da ƙane, masu shekara shida da huɗu, sun je kwana a gidan abokinsu da ke saman wani kantin dabbobi. Cikin dare wata mesar Afirka ta bi ta bututun iska, ta faɗo daga silin cikin ɗakin da suke barci, ta kashe su duka biyu. Dokar lardin ba ta yarda a ajiye irin wannan mesa ba sai da izini na musamman. Amma da aka bi diddigi sai ta bayyana cewa a 2002 ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da kansu suka taimaka aka kai macijin wurin, bayan wani ya yar da shi a ƙofar wata ƙungiyar jin ƙan dabbobi, aka rasa inda za a sa shi. A 2016 kotu ta wanke mai kantin daga tuhumar sakaci. A Ingila kuwa, dokar 1976 ta dabbobi masu haɗari ta lissafa macizai masu dafi da kadoji, ba ta ambaci mesa ba, kuma ko da wata mesar Afirka ta kashe mai ita a yankin Hampshire a 2017, ba a sa ta cikin jerin ba. Ingila ba ta da fargabar daji, domin mesar da ta tsere a can hunturu zai gama da ita.

Wannan batu na sanyi shi ne babbar hujjar masu kiwon macizai na Amurka, waɗanda suka haɗa kansu cikin wata ƙungiya mai suna USARK a 2008. A shekarar ne wasu masanan gwamnati suka fitar da taswira mai nuna cewa yanayin kusan sulusin ƙasar zai iya karɓar mesar Bama. Masu kiwo suka ce an zuzuta. Sai ga wani matsanancin sanyi a watan Janairu na 2010 ya kashe mesa masu yawa a cikin Everglades kanta, kuma guda goma da aka ajiye a fili a Jihar Karolina ta Kudu don gwaji, babu wadda ta ga ƙarshen hunturun. Saboda haka suka ce matsalar ta kusurwa ɗaya ce ta jiha ɗaya, babu dalilin da zai sa a karya sana'ar mai kiwo da ke jihar da ƙanƙara ke rufewa wata huɗu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma akasarinsu mutane ne masu kula da dabbobinsu fiye da yadda dokar ma ta nema. Inda ta yi rauni shi ne, mai kiwo a jiha mai sanyi ba maƙwabtansa kaɗai yake sayar wa ba, kuma mesar da ta tsira daga sanyin 2010 ta ci gaba da haihuwa tana bazuwa. Shi kansa bowa da aka janye sunansa ya riga ya kafu a wani daji na kudancin Mayami da kuma yammacin tsibirin Fotoriko.

Ƙungiyar ta kai gwamnati ƙara a 2013, kuma a watan Afrilu na 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Washinton ta ba ta gaskiya a kan wani muhimmin sashe. Shari'ar ta rataya ne a kan jimla ɗaya da aka sa cikin Dokar Lacey a 1960, wadda ta hana jigilar dabba mai cutarwa tsakanin babban yankin Amurka, da gundumar babban birni, da Hawai, da Fotoriko, da sauran tsibiran da ƙasar ke mulki. Gwamnati ta daɗe tana fassara wannan da cewa ya haɗa da jigila daga jiha zuwa jiha. Alƙalai suka ce jimlar ta ɗauki jihohi 49 na babban yankin a matsayin wuri ɗaya, don haka ba ta hana kai maciji daga Tekzas zuwa Jojiya ba. Hanin shigowa daga ƙasashen waje yana nan, amma a lokacin masu kiwo na cikin gida sun daɗe da iya hayayyafar mesa da kansu. A 2022 Majalisar Wakilai ta amince da gyaran da zai toshe wannan kafa, aka cire shi kafin dokar da aka liƙa shi a jikinta ta kammala.

Nauyin ya koma kan jihohi ke nan, kowace da kiɗanta. Hawai ba ta yarda mutum ya ajiye kowane irin maciji ba, ta kuma ga yadda wani macijin bishiya da ya shiga tsibirin Guwam cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarar da akasarin tsuntsayen dajin tsibirin. Jihar Ohayo ba ta da wata doka mai ƙarfi sai da wani mutum ya buɗe wa zakuna da damisoshi da sauran namun dajin da yake kiwo ƙofa a 2011, 'yan sanda suka harbe kusan hamsin. A 2012 ta kafa dokar da ta haɗa har da neman izini ga mai mesar da ta kai ƙafa 12. A Tekzas lasin mai araha ya wadatar.

Fulorida ta sake ƙara matsi a 2021, ta sa dabbobi masu jan ciki iri 16 a jerin haramtattu, har ga 'yan kasuwar da a da aka bar su su yi kiwo don sayarwa a wajen jihar. Nan ne wahalar dokar da ta zo a makare ta fito sarari, domin hani ba ya sa macizan da ke cikin keji su ɓace. A watan Afrilu na 2023 jami'an hukumar namun daji ta jihar suka shiga wani wurin kiwo kusa da Mayami, wanda mai macizan ya kasa sayar da su kafin wa'adi ya cika, suka kashe mesa fiye da 30. Cikin kuskure suka haɗa da wata bowa mai ciki wadda doka ba ta hana ba. Hoton bidiyon abin ya bazu, ya jawo wa hukumar zargi mai yawa. Wanda ya ga haka kuma yana da mesa a ɓoye, zai yi tunani sau biyu kafin ya kai kansa ofis, fadama kuwa ba ta da nisa. Abin da ya fi yin amfani a wannan fanni shi ne shirin afuwa da jihar ta fara tun 2006, inda mutum ke miƙa dabbar da ta fi ƙarfinsa, ko da ba bisa doka yake riƙe da ita ba, babu tara babu tuhuma, a nema mata wani mai riƙo da aka tantance.

Waɗanda ke cikin daji kuwa sai farauta. A 2013 jihar ta shirya gasar kama mesa, mutane wajen 1,600 suka rubuta suna, aka yi wata guda ana fama, aka kama 68. A gasar 2025 an kama 294, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Tun 2017 akwai mafarautan da ake biya ladan awa, da ƙarin dala 50 a kan ƙafa huɗu na farko na kowace mesa, da dala 25 a kan kowace ƙafa bayan haka. Masana kuma sukan sa wa namiji na'urar rediyo su sake shi, ya kai su inda mata suke a lokacin barbara. Ta wannan hanya ce aka kama wata mai nauyin kilo 97 a ƙarshen 2021, aka tarar da ƙwai 122 a cikinta da kofaton barewa. Jimlar waɗanda aka cire daga daji tun shekarar 2000 ta haura 23,000, amma zanen jikin mesa ya saje da ciyawa har mutum yakan wuce ta taku biyu bai gan ta ba, kuma mafi ƙarancin kiyasin da masana ke yi na waɗanda suka rage shi ne dubun-dubata.

Wasu ƙasashe sun juya ginin dokar. A Ostareliya da Niyu Zilan jerin da ake rubutawa na abin da aka yarda a shigo da shi ne, duk abin da ba ya ciki haramtacce ne har sai mai son shigo da shi ya kawo hujjar cewa ba zai yi ɓarna ba. Ostareliya ta koyi wannan da tsada, bayan zomaye da wani ƙaton kwaɗo da aka kai mata a 1935 don maganin ƙwarin rake sun zame mata annoba. Lalle wannan tsari yana tauye wa wasu masu sha'awa haƙƙi, yana kuma hana dabbobin da wataƙila ba za su cutar da kome ba. Amma aikinsa a tashar jirgi yake ƙarewa, a hannun jami'in kwastan da likitan dabbobi, ba sai an bi gida gida ko an shiga fadama da fitila ba.

Afirka ta Yamma tana da hannu cikin wannan ciniki, ta ɓangaren masu sayarwa. Mesar Afirka ta arewa ta shiga jerin 2012 ne saboda an same ta tana hayayyafa a wani ɗan yanki na yammacin Mayami. Da yake an tashi mata da bincike tun tana wuri ɗaya, ba ta yi irin bazuwar ta Bama ba. A Nijeriya akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai kuma Doka ta 11 ta 1985 wadda gwamnatin soja ta kafa don cika alkawarin yarjejeniyar duniya ta cinikin dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, wato CITES, kuma mesa na cikin dabbobin da ta lissafa. An gyara ta a 2016 aka ɗaga tarar da ta riga ta zama abin dariya. Waɗannan dokoki damuwarsu ita ce kada a ƙarar da mesa a mahaifarta saboda fatarta da namanta, akasin damuwar Fulorida ke nan. Ita kanta mesar Bama da ake biyan lada a kashe ta a Amurka, a ƙasashenta na asali tana cikin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna fuskantar barazana.

Da ƙofar manyan macizai ta ƙuntata, wadda kasuwa ta fi dogara da ita ita ce wata ƙaramar mesa ta wannan yanki, mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ba kasafai take wuce ƙafa biyar ba. Ita ce ake girmamawa a wani ɗakin bauta na garin Wida a Jamhuriyar Benin, da kuma wasu sassa na ƙasar Ibo. Ba ta cikin jerin da gwamnatin Amurka ta hana, kuma tun 1975 an fitar da fiye da miliyan uku daga Afirka ta Yamma, kusan duka daga Togo da Benin da Gana, akasari zuwa Amurka. Mafarauta kan tone ramuka su kwaso mata masu ciki da ƙwai, su kai wa masu gonakin macizai a ƙyanƙyashe, a loda 'ya'yan a jirgin sama. Ƙa'ida ta ce a mayar da iyayen da wani kaso na 'ya'yan daji. A wani bincike da aka buga a 2020, akasarin mafarautan da aka zanta da su a kudancin Togo sun ce macizan sun ragu in aka kwatanta da shekara biyar da suka wuce, kuma a 2021 aka sa ta cikin jerin dabbobin da ke dab da shiga haɗari.